Ashi'a ko mojat: wace na'ura za mu saya wa ɗakin hawadis saboda masu haki?

Bayan isha'i kawuna ya kira ni daga Jidda. Ya fi shekara 30 a can, amma duk abin da ya faru a garinmu da ke yankin Gadarif sai ya riga ni ji. Ya ce 'yan garin da ke Jidda da Makka sun yi karo-karo, kuɗi sun taru, suna so su saya wa ɗan asibitin garin na'ura guda ɗaya. Na san abin da ya tayar da maganar. Mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ce ta kwana tana haki, aka yi ta ba ta maganin asma, aka ɗaura mata ƙarin ruwa saboda ta galabaita. Da gari ya waye aka kai ta babban asibiti da sauran numfashi, aka ɗauki hoto, aka ga ruwa ya cika huhu. Zuciya ce ta gaza tun farko. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta.

"Ɗana," in ji kawu, "wasu sun ce ashi'a, wasu sun ce mojat. Kai da kake kwana a hawadis, wanne za mu saya?"

Na ce, "Kawu, ku ba ni kwana biyu in rubuta muku, maganar ta fi ƙarfin waya." Amsar ke nan nake rubutawa, na kuma sa ta a fili saboda na san ba garinmu kaɗai ke da irin wannan tambayar ba. Ga 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar: ashi'a ita ce eksire, wato hoton ƙirji, mojat shi ne sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu, hawadis kuwa ɗakin taimakon gaggawa ne. Haka bakinmu ya saba a nan Sudan.

Abin da muke so na'urar ta gano

Duk wanda ya taɓa noman ban-ruwa a Jazira ko Rahad ya san abin da ke faruwa idan tur'a, wato magudanar ruwa, ta toshe a gaba: ruwa ba ya tsayawa, baya yake komawa ya malale inda ba a so. Haka zuciya take. Idan ɓangarenta na hagu ya kasa tura jini gaba, jinin sai ya taru a jijiyoyin huhu, ruwan da ke cikinsa ya tsattsafo ya jiƙa naman huhun, daga nan ya shiga 'yan buhunan iska. Mutum sai ya kasa kwanciya, ya jera matasai uku a bayansa, ya farka tsakar dare kamar an shaƙe shi. Wani ƙafafunsa sun kumbura, jijiyar wuyansa ta tashi, wani yana tari da kumfa.

Da kowa zai zo da waɗannan alamu cikakku, da ba mu nemi na'ura ba. Amma haki ɗaya ne, masu kawo shi da yawa: asma, namoniya, tibi, ƙarancin jini bayan maleriya ko kala'azar da ta yi mana katutu a Gadarif, gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, ko ƙoda da ta daina aiki. Sama'ar da muke karawa a ƙirji mu saurari numfashi tana taimakawa, amma tana ruɗarwa. Mai ruwa a huhu kan yi shesheƙa mai fito irin ta mai asma sak. Ga shi kuma magungunan kishiyoyin juna ne: mai namoniya da jininsa ya faɗi yana bukatar ƙarin ruwa, mai gazawar zuciya kuwa ƙarin ruwan ne zai ƙarasa shi, abin da yake bukata shi ne allurar Lasix ta fitar da ruwan ta fitsari. Wani bincike da aka yi a Paris, aka wallafa a 2006, ya bi tsofaffi 514 da suka zo hawadis da sarƙewar numfashi. Kusan ɗaya cikin uku an fara musu maganin da bai dace ba, kuma a cikinsu kashi 25 cikin 100 suka rasu, alhali waɗanda aka dace da nasu maganin tun farko kashi 11 ne. A Paris ke nan, inda ba a ɗauke wuta.

Akwai kuma abin da ya kamata kwamitin ya sani game da su waye marasa lafiyarmu. A 2012 aka wallafa wani babban bincike mai suna THESUS-HF a kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Sudan da Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, wato ba tsofaffi tukuf ba ne irin na Turai. Hawan jini ne ya fi kowa laifi, kusan kashi 45 cikin 100, sai ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, kusan kashi 14. Toshewar jijiyoyin zuciya da ta fi damun Turawa ba ta kai kashi 10 ba. Wannan yana da nasaba da zaɓinmu, zan dawo kansa.

Ashi'a

Ba zan raina ashi'a ba, da ita aka raine mu. Tun 1895 da Röntgen ya gano haskenta a Jamus take hidima. A hoto ɗaya likita yana ganin girman zuciya, idan faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji to ta buɗe. Yana ganin jijiyoyin saman huhu sun cika, yana ganin 'yan gajerun layuka a gefen huhu waɗanda aka sa wa sunan likita Kerley, idan abin ya yi tsanani kuma ya ga fari ya bazu daga tsakiya zuwa gefe biyu kamar jemage ya buɗe fukafukai. Kuma hoton takarda ne ko fayil, ana iya tura shi ta waya ga wani likita a Bur Sudan ko Riyad ya duba. Kusan duk wanda ya yi karatun likita ya iya karanta shi gwargwado.

Matsalarta a wannan ciwo guda uku ce. Ta farko, tana makara. Ruwa kan fara taruwa awanni kafin hoton ya nuna, kuma bayan magani ya yi aiki hoton kan ci gaba da nuna fari. A wani bincike na Amurka na 2006 da ya duba bayanan mutum fiye da 85,000 da aka tabbatar zuciyarsu ce ta gaza, kusan ɗaya cikin biyar hotonsu na farko bai nuna alamar ruwa ba. Idan likita ya dogara da hoton kaɗai, zai sallami mutum ɗaya cikin biyar da cewa ba zuciya ba ce.

Ta biyu, hoton da ya fi inganci shi ne wanda mutum ya tsaya da ƙafarsa, ya jingina ƙirji da allo, ya ja numfashi ya riƙe. Wanda yake kokawa da numfashi ba zai iya ko ɗaya ba. Sai a ɗauke shi a zaune ko a kishingiɗe daga gaba, irin wannan hoton kuwa yana ƙara wa zuciya girman da ba nata ba, kuma yana fitowa dishi-dishi.

Ta uku ita ce wadda ta fi ci mini rai: sai an ɗauki mara lafiya an kai shi wurin na'urar. A cire masa iskar oksijin ko a ja tukunyar a bi shi da ita, a nemo mai ɗaukar hoton idan dare ne, a tayar da janareta idan akwai mai. Na sha ganin awa biyu ta wuce tsakanin rubuta takarda da riƙe hoto a hannu. Mai ruwa a huhu ba shi da awa biyu ta bayarwa.

Mojat a kan huhu

Shekaru da dama ana koya wa ɗalibai cewa mojat ba ya ganin huhu, saboda da sauti yake aiki, sautinsa kuwa ba ya ratsa iskar da ke cikin huhu. Gaskiya ne ba ya ratsawa. Amma wani likitan ɗakin kulawa ta musamman a Paris, Daniel Lichtenstein, ya lura cewa yadda sautin ke dawowa daga fatar huhu yana canzawa idan huhun ya jiƙe. Ya wallafa wannan a 1997, a 2008 kuma ya fitar da tsarin duba mai haki cikin 'yan mintuna. A 2012 masana daga ƙasashe da yawa, ƙarƙashin jagorancin Giovanni Volpicelli na Turin a Italiya, suka amince da ƙa'idoji guda.

Ga yadda abin yake a aikace. Mara lafiya yana zaune yadda ya ga dama, oksijin na hancinsa. A shafa jel, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari biyu. Idan huhu busasshe ne, za a ga layuka a kwance, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kamar matakala. Idan ya jiƙe, sai a ga farare suna sauka a tsaye daga fatar huhu har ƙasan allo, suna kaiwa da komowa tare da numfashi, kamar hasken rana da ke shigowa ta hudar rufin ɗaki. Su ake kira layukan B. Ana duba wuri huɗu a kowane gefe, takwas ke nan. Idan an ga layuka uku ko fiye a wuri ɗaya, wurin ya jiƙe. Idan wurare biyu ko fiye sun jiƙe a dama, haka ma a hagu, to ruwa ne ya bazu a huhu, kuma a wurin mai haki da kumburin ƙafa da tarihin hawan jini, zuciya ce ake fara tuhuma. Duka wannan bai wuce minti biyar ba a hannun wanda ya saba.

An gwada su kafaɗa da kafaɗa. A 2019 aka haɗa sakamakon bincike shida, mutum 1,827, waɗanda aka yi wa duka biyun. Cikin kowane 100 da ke da ruwan zuciya a huhu, mojat ya gano 88, ashi'a ta gano 73. Wajen wanke waɗanda ba su da shi kuwa sun yi kunnen doki, kowanne 90 cikin 100. A wani binciken na Italiya na 2015, mai mutum 1,005, da likitocin hawadis suka haɗa mojat da abin da suka ji daga bakin mara lafiya da abin da suka gani a jikinsa, sun dace a kusan kashi 97. Ku lura da wannan sharaɗin, da shi aka kai 97: na'urar ba ita kaɗai ta yi aikin ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya maimaitawa. Na yi wa mutum allurar Lasix da ƙarfe goma sha ɗaya, na dawo ƙarfe biyu na dare na ɗora na'urar, na ga layukan sun ragu daga sama zuwa ƙasa kamar ambaliya tana janyewa. Idan ba su ragu ba na san ko maganin bai isa ba, ko kuma tun farko na yi kuskuren ciwon. Ashi'a ba za ta ba ni wannan ba. Ruwan da ke taruwa a gefen huhu ma haka: sai ya kai wajen mililita 200 kafin ya fito a hoton ashi'a na gaba, mojat kuwa yana ganin wanda bai kai cikin ƙaramin kofin shayi ba.

Amma fa layukan B ba su san zuciya ba, jiƙa kawai suka sani. Namoniya tana kawo su, tibi yana kawo su, tsohon tabo a huhu yana kawo su, korona ta kawo su da yawa. Bambancin yana wurin yadda suka bazu. Na zuciya sukan zo daidai a gefe biyu, su fi yawa a ƙasa, fatar huhu kuma tana nan sumul. Na namoniya sukan taru wuri ɗaya ko su zo tsalli-tsalli, fatar huhun ta yi kaushi, wani lokaci a ga wani yanki ya daskare kamar hanta. Wanda aka koya masa ƙirga layuka kawai, ba a koya masa wannan ba, zai yi ta ba masu namoniya Lasix. Kuma yawancin waɗancan alƙaluma daga Turai da Amurka suka zo, inda tibi ba shi da yawa. A wurinmu dole a ƙara taka-tsantsan. Mai ƙiba sosai ma hotonsa na wahalar fita.

Inda mojat ya yi wa ashi'a nisa

Yanzu in dawo kan su waye marasa lafiyarmu. Da kan na'urar nan ɗaya, idan aka sauko da shi ƙarƙashin nonon hagu ko ƙasan ƙashin ƙirji, zuciyar kanta ake gani tana bugawa. Cikakken eko, wato duban zuciya da mojat, aikin ƙwararre ne, amma akwai tambayoyi uku ko huɗu da likitan hawadis zai iya amsawa. Zuciyar tana matsewa da ƙarfi ko tana motsi da ƙyar? Akwai ruwa a jakar da ta lulluɓe ta? Ɓangaren dama ya kumbura fiye da hagu, wanda ke nuna gudan jini a huhu? Babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ciki ta cika ta yi tauri, ko tana lotsawa idan an ja numfashi?

Ku ɗauki misalin ruwa a jakar zuciya, wanda tibi ke yawan kawowa a ƙasashenmu. A hoton ashi'a zuciya ce babba kawai, kamar ta wanda hawan jini ya buɗe masa ita. Likita ya ga babbar zuciya, ga haki, ga kumburi, sai ya ba da Lasix mai yawa. Amma wannan zuciyar matse ta aka yi daga waje, rage mata ruwan jiki zai iya kayar da jinin gaba ɗaya. Abin da take bukata a zuƙe ruwan da allura. Mojat yana raba waɗannan biyun cikin daƙiƙa goma, ba ya bukatar ƙwarewa mai zurfi.

Sai yaranmu da 'yan matanmu masu lalatattun ƙofofin zuciya. Farfesa Sulafa Ali, likitar zuciyar yara 'yar Sudan, ita da abokan aikinta sun zagaya da ƙananan na'urorin eko na hannu, suka nuna cewa ciwon ya fi yawa a Kordofan da Darfur nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Khartum. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Soba, wajen Khartum, a 2007, tana yin tiyatar zuciya kyauta, yawancin aikinta a kan wannan ciwo ne. Yarinya 'yar shekara 19 mai ciki wata bakwai, tana haki, ƙofar zuciyarta ta tsuke: ashi'a ba za ta nuna ƙofar ba, mojat zai nuna.

Akwai kuma ciwon da ya shafe mu mu Hausawa musamman, gazawar zuciya bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ya yawaita a can, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano daga baya ya nuna abin ya wuce al'ada kaɗai, akwai rama, da talauci, da hawan jinin ciki. Ko ma mene ne sanadin, mai jego da ta zo tana haki wata biyu bayan haihuwa sau da yawa ana cewa gajiya ce ko ƙarancin jini. Da mojat ana ganin zuciyar ta buɗe tana motsi da ƙyar. Kuma ana iya yi mata a kan gadonta, mace 'yar'uwarta ta sa hannu ƙarƙashin mayafi, ba sai ta tuɓe a gaban baƙon namiji a ɗakin hoto ba. Na san mata da yawa da wannan kaɗai ke hana su zuwa.

Wani gargaɗi guda: kusan rabin masu gazawar zuciya zuciyarsu tana matsewa da kyau, taurin da ta yi ne ya hana ta cika. Wannan ya fi yawa a tsofaffi masu hawan jini da suga. Don haka ganin zuciya tana bugawa da ƙarfi bai wanke ta ba, sai a koma a dubi huhu.

Maƙaɗa'iyya da gwajin jini

Wani a kwamitin ya ambaci maƙaɗa'iyya, wato siti-sikan. A bar wannan. Ita ce ta fi nuna komai dalla-dalla, kuma idan ana zargin gudan jini a jijiyar huhu ko tsagewar babbar jijiyar ƙirji, ba ta da madadi. Amma sai mutum ya kwanta rigingine, abin da mai ruwa a huhu ya fi tsoro. A ma'aunin hasken da ke shiga jiki, nata ya kai milisibat 6 zuwa 7, na ashi'a kuwa wajen 0.1, mojat babu ko kaɗan. Ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya fito kan takura wa ƙodar da tun farko ta raunana. Kuɗinta da wutarta da gyaranta sun fi ƙarfin asibitin gari.

Gwajin jini na BNP kuwa abu ne mai kyau. Sinadari ne da zuciya ke fitarwa idan ta miƙe fiye da kima. Idan BNP bai kai 100 ba, ko ɗan'uwansa NT-proBNP bai kai 300 ba, da wuya hakin ya zama na zuciya. Ƙarfinsa ke nan, kore zargi. Idan ya hau kuma ba lallai zuciya ce kaɗai ba, tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga shi, ƙiba tana saukar da shi. Kuma kowane gwaji sai an sayi kayansa sabo, masu ƙarewar wa'adi, masu son sanyi. Ranar da hanya ta rufe, na'urar ta zama kwalliya.

Wuta, zafi da hannun da zai riƙe

Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, duk lissafin kayan asibiti a ƙasar nan ya canza. Gadarif ta karɓi dubban mutanen da suka gudo daga Khartum, sannan daga Madani a ƙarshen 2023, sannan daga Sinja da kewaye a 2024, da yawansu masu hawan jini da suga da maganinsu ya yanke. Wuta ba ta da tabbas. Na'urar ashi'a tana son wuta mai ƙarfi marar rawa, da ɗaki mai katangar da ke tare haske, da ma'aikaci mai takardar wannan aiki, da injiniya idan ta lalace. Mojat na hannu kuwa da batir yake aiki, ana haɗa shi da waya ko tablet, faifan sola ɗaya ya ishe shi. Lokacin da wani irinsa mai suna Butterfly iQ ya fito kasuwa a 2018 farashinsa bai kai dala 2,000 ba. Akwai kuma Lumify na Philips da Vscan na GE da wasu na Sin. Ashi'a ta zamani da ɗakinta ta ninka wannan sau da yawa.

Idan za ku saya, Kawu, ku tambayi mai sayarwa abu huɗu kafin ku ba da ko riyal ɗaya. Shin na'urar tana aiki ba tare da intanet ba? Kun tuna Fabrairun 2024 da layukan waya da intanet suka ɗauke a faɗin ƙasa. Shin sai an riƙa biyan kuɗin shekara-shekara kafin manhajar ta buɗe? Shin kanta yana iya duba zuciya, ko na ciki ne kawai irin na masu juna biyu? Kuma minti nawa take yi kafin ta yi zafi ta kashe kanta? Waɗannan ƙananan suna ɗaukar zafi, ga Afrilun Gadarif da ke wuce digiri 40.

Amma babbar magana ita ce hannu. Ashi'a tana barin hoton da wani zai iya gyara kuskurensa gobe. Mojat kuwa abin da mai riƙe da shi ya gani a lokacin shi ne hukunci. Wani bincike na 2020 da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa bayan dubawa 25 ƙarƙashin idon malami, wanda bai taɓa riƙe na'urar ba yana kaiwa matakin da za a dogara da shi a duban huhu. Duban zuciya ya fi haka ɗaukar lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: idan aka sayo na'ura ba a koyar da kowa ba, za ta kwanta a durowa, ko ta koma ɗakin awon ciki ta zauna can, dare ya yi mai haki ya zo ba a san inda makulli yake ba. Kada kuma a koyar da likita ɗaya tak. Likitoci suna tafiya, musamman a wannan lokaci. A koyar da mataimakin likita da ke zaune a garin da iyalinsa, da sista ɗaya ko biyu, da ungozoma.

Inda ashi'a ta fi

Adalci ya sa in faɗi wannan da ƙarfi. Idan babbar damuwar garin tibi ce, ashi'a ta fi. Kogon da tibi ke yi a saman huhu, da ƙari a tsakiyar ƙirji, da duk abin da ke can ciki bai taɓo fatar huhu ba, mojat ba ya ganinsu. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajojin kwamfuta masu karanta hoton ashi'a don tace masu tibi. Karaya ma sai ashi'a. Sai dai mai tari na wata biyu zai iya hawa mota gobe ya je birni a ɗauke shi, haka mai karayar da aka ɗaure. Wanda ba zai kai gobe ba shi ne mai ruwa a huhu, da mai ruwa a jakar zuciya, da wanda harsashi ko hatsari ya sa jini ke zuba a cikinsa, da mai cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe. Dukansu mojat ne ke ganinsu a kan gado.

Don haka ga abin da na rubuta wa kawu. Ku sayi mojat na hannu mai iya duba huhu da zuciya da ciki. Kada ku kashe duka kuɗin a kansa. Ku ware kaso na sola da batir da tablet, da jel na shekara guda. Ku ware kaso mafi tsoka na koyarwa: a kawo wanda ya iya ya zauna mako biyu a garin, ya dawo bayan wata uku ya duba abin da suka yi, a tsakani kuma su riƙa tura masa gajerun bidiyo ba tare da sunan mara lafiya ba. Idan da saura, ku ƙara da na'urar tace oksijin da abin auna iskar jini na ɗan yatsa, da Lasix na allura, domin gano ciwo ba tare da abin yi ba ƙarin baƙin ciki ne. A kuma rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, cewa na'urar a hawadis take kwana.

Ga iyalan da suka kai mara lafiya asibitin da ke da duka biyun, a Gadarif ne ko Kasala ko can Jidda wurin su kawu: idan ba ya iya kwanciya, ku roƙi a fara ba shi oksijin a zaune, a ɗauki rasmul ƙalbi, wato zanen bugun zuciya, a duba shi da mojat a kan gadonsa, ashi'a ta biyo baya idan numfashi ya daidaita. Ku faɗa wa likita matasai nawa yake jerawa da dare, da ranar da maganin hawan jininsa ya ƙare, da ko ta haihu cikin watanni shida da suka wuce. Kada ku matsa a ɗaura ƙarin ruwa don kun ga ya galabaita.

Kawu ya kira bayan ya karanta. Ya ce, "Ɗana, wanda zai zo ya koyar ɗin, ka san shi?" Na ce na san mutum biyu, ɗaya yana Kasala. Ya ce in tambayi kuɗin motarsa da masaukinsa, zai kai wa kwamiti ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.